Minti Biyar na Aleki

Mota ta uku ta kama da wuta, ta tsallake gada, ta faɗa kan wani jirgin ruwa, shi ma ya kama. Malama Fuatino ta duba agogonta, ta rubuta a takardar da ke kan cinyarta: minti na saba'in da huɗu, fashewa, babu jini. Ta cire tabarau ta murza idanu.

"Wannan Baturen," in ji Sinalei daga kujerar hagu, "tun safe ake harbinsa, ko gashin kansa bai baje ba. Anti, wane mai yake shafawa? In saya wa maigidana."

"A bari mu ji abin da ake faɗa," in ji Fasto Kelemete, wanda ya kwashe minti ashirin yana gyangyaɗi, ƙarar fashewar ce ta tashe shi.

Su uku ne kwamitin. Duk fim ɗin da za a haska a silimar birnin Apia sai ya fara bi ta wannan ɗaki na bene mai baƙaƙen labulaye, inda na'urar sanyi ke ɗigar da ruwa cikin bokiti. Su kalla, su ƙayyade shekarun masu shiga, su ce a yanke abin da ya kamata a yanke. Fasto ya tsufa a kujerar. Sinalei, ma'aikaciyar gidan rediyo, bara aka kawo ta, kuma ita kaɗai ce cikinsu ke son finafinan tsakani da Allah. Fuatino kuwa shekararta goma sha ɗaya tana wannan aiki, tun da ta ajiye alli.

A majigin, jarumin ya iso ƙofar gidan mugu. Wani ƙaton mutumin tsibiri yana tsaye a bakin ƙofar, ya harɗe hannuwa. Fuatino ta mayar da tabaraunta da sauri, ta leƙa fuskarsa. Ba shi ba ne. Wannan ya fi kama da mutanen Tonga. Jarumin ya fasa masa kwalba a ka, ya tsallake shi ya wuce.

Haka take yi duk lokacin da irin wannan ƙaton ya fito, kuma kusan kowane fim na faɗa yana da nasa. Sau biyu ta duba ta ga ɗanta Aleki ne. A na farko aka harbe shi ta baya, a na biyu aka wurgo shi ta taga. Ko sau ɗaya bai buɗe baki ba. Shekara tara ke nan da ya tafi Sydney ta Australiya da niyyar zama ɗan wasan fim.

"Shekara sha shida," in ji Fuatino da fim ɗin ya ƙare. "Mutum arba'in da ɗaya suka mutu, ba wanda aka yi wa kuka."

"Akwai sumba a minti na hamsin," in ji Fasto.

"Ashe idonka biyu a wurin," in ji Sinalei.

Suka sa hannu, aka sa na biyu, na ban tsoro. Wata mata da mijinta sun sayi gida a dokar daji, kullum wani abu yana ƙwanƙwasa musu daga ƙarƙashin daɓe. Sinalei ta naɗe ƙafafu a kan kujera tana yi wa matar tsawa.

"Kada ki sauka! Ke wace irin mace ce? Kin ji motsi a rami, ba ki kira kowa ba, kin ɗauki fitila ke kaɗai?"

"Wa za ta kira?" in ji Fuatino. "Su biyu ne a ɗaki goma. A gidanmu mutum sha biyar ne, fatalwa in ta zo sai dai ta bi layin banɗaki."

Fasto ya nemi a yanke wurin da aka juya gicciye. Suka yarda, don ba ya ƙara wa labarin komai. Fuatino ta rubuta mintin, ta rubuta sha takwas a ƙasa. Ba fatalwar ce ke damunta ba. Saura na uku.

Wata huɗu da suka wuce Aleki ya kira ta yana ihu a waya. Ya sami rawar takawa ta gaske a wani fim ɗin barkwanci, har da magana, har da sunansa a jikin fasta. Ita kuma ba ta iya riƙe bakinta ba. Ta faɗa wa matan majami'a, su kuma suka faɗa wa ƙauye. Yanzu Baba Falaniko, yayan marigayi mijinta kuma mai riƙe da sarautar gidansu, ya yi hayar bas biyu don ranar Asabar, ranar da za a fara haska fim ɗin. Har tsohon mai zanen da ya yi wa Aleki pe'a, zanen gargajiyan nan da ake sassaƙa wa maza a fata, an ce za a ɗauko shi da kujerarsa.

"Anti," in ji Sinalei a hankali, "in kina so ki fita, mu biyu ma za mu iya."

"In kun saɓa wa zai raba ku? Sa mana."

Fim ɗin labarin wasu abokai biyu ne 'yan Australiya da suka zo wani tsibiri marar suna ɗaurin aure, suka ɓatar da zoben amarya. A minti na sha biyu wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar otal, direba ya fito ya buɗe musu ƙofa. Aleki ne. Ya yi ƙiba, ya aske kai. Fuatino ta matso gaba a kujerarta. Kafin ta gama kallonsa an wuce.

Daga nan sai rabin sa'a na maye da amai da faɗawa cikin tafkin wanka. Ba wanda ya yi dariya a ɗakin. Sinalei ta yi hamma ta ce wanda ya rubuta wannan a kai shi ya kalli na ban tsoron, ya fi shi ban dariya.

A minti na arba'in da ɗaya zoben ya maƙale a saman bishiyar kwakwa, tsuntsu ne ya kai shi. Abokan biyu suna tsaye suna kallon sama, sai ga direba ya iso, daga shi sai riga da zani ɗaure a kugu. Ya ɗaga hannu ya dakatar da su. Ya gyara tsayuwa irin ta masu jawabi a taron sarakuna, ya yi gyaran murya, ya fara ba su tarihin gidansu: kakan kakansa ya hau bishiyar da ta fi wannan ana tsakiyar guguwa, kakansa ya hau da hannu ɗaya yana cin gwaza da ɗayan, ubansa kuwa kwakwa da kanta take saukowa in ta ji takunsa. Fuskarsa ko gezau. Ya ɗan dakata, ya dubi bishiyar sama da ƙasa, ya ce da ita cikin ladabi, "Kin dai ji."

Fuatino ta ji dariya ta kufce mata. Wannan dakatawar ta Tauese ce, marigayi mijinta. Haka yake yi a wurin biki, ya ja shiru har sai mutane sun matso, sannan ya saki maganar.

Aleki ya hau, ya kai rabi, ƙafarsa ta zame. Ya sulalo ƙasa yana rungume da bishiyar, har yanzu fuskarsa ta mai jawabi ce. Zanin ya maƙale a wani ƙulli can sama, shi kuwa ya dira a tsaye, ya ba kyamara baya, daga kugu zuwa ƙasa babu komai. Pe'ansa ya cika majigin, baƙin zanen nan da ya taso daga kugu ya sauka har gwiwa, layi bisa layi.

Ɗaya daga cikin abokan ya matso ya sunkuya. "Wa ya yi maka wannan rubutu a gindi? Lambar farashi ce?" Ya ciro waya ya goga a kan zanen kamar yadda ake yi wa kaya a kanti. Wayar ta yi ƙara, ƙit.

Aleki ya waiwayo a hankali, ya dube shi ta kan kafaɗa. "Ba na sayarwa ba ne, yallaɓai." Ya yi shiru. "Amma ranar Talata akwai ragi."

Sinalei ta kwashe da dariya har ta buga ƙafa. Fasto ya yi wani sauti ta hanci ya mayar da shi tari. Fuatino ta ji tata dariyar ta sake fitowa, gajeriya, kafin ta kai hannu ta toshe bakinta. Ta zauna haka, hannu a baki, har aka gama fim ɗin. Aleki bai sake fitowa ba.

Da aka kunna fitila Fasto Kelemete ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi.

"Wannan ba zai shiga ƙasar nan ba. Gaba ɗayansa. Malama, ki yi haƙuri, ɗanki ne, amma pe'a ba abin wasa ba ne. Mutane sun zubar da jini a kan tabarma kafin su same shi. A ɗora masa waya kamar gwangwanin kifi?"

"Fasto, fim ɗin shara ne, na yarda," in ji Sinalei. "Minti casa'in da biyar, minti biyar ne kaɗai masu rai, kuma nasa ne. Ka taɓa ganin ɗanmu ya ƙwace fim daga hannun Turawa? Yau ka gani. Sha shida, ba yanka."

"Ƙwacewa? Tsirara suka yi masa!"

"Shi ya yi maganar ƙarshe."

"Maganar ƙarshen ita ce ta fi muni," in ji Fasto.

Dukansu suka juyo suna kallonta. Fuatino ta tattara takardunta ta ce a ba ta minti goma.

Ta sauka ƙasa ta tsaya a inuwar baranda. Rana ta take, motocin bas masu jikin katako suna wucewa da kiɗa, wata mata tana sayar da soyayyen fanke a bakin titi. Ta danna lambarsa. Sai da ta yi ƙara sau shida ya ɗauka, yana haki.

"Mama! Dakata, muna hawa bene da firiji. Sione, ajiye, ajiye, tsohuwata ce." Ta ji an dire abu mai nauyi. "Yau ne, ko? Kin gani?"

"Na gani."

"Kin yi dariya?"

Ta bi wata bas da ido.

"Mama, kin yi dariya?"

"Na yi."

Ya yi ihu har sai da ta janye wayar daga kunne. Ta ji yana gaya wa abokin aikinsa cewa matar da ta shekara talatin tana koyarwa ba a taɓa ganin haƙorinta a aji ba, yau ya sa ta dariya.

"Maganar Talatar nan ba ta cikin rubutu," ya ce. "Ni na ƙirƙiro ta a wurin. Mai ɗaukar hoto sai da ya saki kyamara."

"Aleki. Pe'an."

Muryarsa ta sauka. "Na san za ki faɗa."

"Kwana goma sha biyu ubanka yana zaune a kan tabarma, kanka a cinyarsa, yana yi maka waƙa don kada ka gudu. Ni nake wanke jinin. Abin da ka juya wa duniya ke nan a goga masa waya?"

"A fatata yake, Mama. Ni na kwanta aka sassaƙa ni."

"Ba naka ba ne kai kaɗai."

"Da farko na ce a'a. Kin san abin da darakta ya ce? Ya ce ba komai, akwai wani yana jira a waje. Kullum akwai wani yana jira a waje, girmanmu ɗaya, fuskarmu ɗaya a wurinsu." Ya ja numfashi. "Shekara tara. An kashe ni sau sha ɗaya, biyu kawai kika gani. An taɓa biyana in kwanta cikin kwata yini guda a matsayin gawa. Wannan ne karo na farko da aka bar ni na buɗe baki. Tun da fim ɗin ya fito a nan mutum biyu sun kira ni, Mama. Sun kira ni da sunana."

"Baba Falaniko ya ɗauki bas biyu."

"Na ji. Zai ɓata rai, ya gama ya huce. Samarin za su yi dariya, za ki gani." Ya dakata. "Na san aikinki. Kada ki taɓa shi. Don Allah. Ban taɓa roƙonki komai a kan wannan sana'a ba. Ina so mutanen gida su ji muryata sau ɗaya a babban majigi."

"Ba ni kaɗai ba ce a kwamitin."

"Mama."

Wani ya ƙwala masa kira daga nesa. Ya ce maigidan aikin ne, firijin ya tare hanya, zai kira ta in ya tashi.

Ta daɗe a tsaye da wayar a hannu. Ta ga kanta ranar Asabar a layin gaba, Falaniko a damanta da sandarsa, tsohon mai zanen a hagunta, matan majami'a a baya. Ta ji ƙarar nan, ƙit, a cikin silima cike da mutanen ƙauyenta. Ta san ba wanda zai ce mata komai. Za su shiga bas su koma gida shiru, washegari Lahadi su gaishe ta da kyau fiye da kullum, kuma haka za su ci gaba da gaishe ta har ta mutu.

Ta hau benen a hankali, tana dafa ƙarfe.

"Ba za a hana fim ɗin ba," ta ce tun kafin ta zauna. "Sha shida. A yanke wurin bishiyar."

"Daga inda zanin ya maƙale?" in ji Sinalei. "To, ko da haka ne, a bar masa jawabin."

"In an bar jawabin, za a ga ya hau bishiya bai sauko ba. Kowa zai tambayi abin da aka ɓoye. A cire duka."

"Anti, nan da wata guda yana cikin wayar kowane yaro a kasuwa."

"Na sani."

"To, amfanin me?"

"A waya kowa shi kaɗai yake kallo. Ranar Asabar ni ce zan zauna a tsakiyarsu."

Sinalei ta ja takardar ta rubuta rashin amincewarta da manyan baƙaƙe, ta sa hannu har biro ya huda takardar. Ta ɗauki jakarta.

"Shi kaɗai ne abin kirki a fim ɗin nan," ta ce daga bakin ƙofa. "Ke ma kin sani, kin fi ni sanin fim."

Fasto ya sa nasa hannun yana gyaɗa kai. "Allah ya saka miki, Malama. Ba kowace uwa ce za ta fifita mutuncin ƙasa a kan ɗan cikinta ba. Zan ambace ki a..."

"Kada ka ambace ni ko'ina, Fasto. Ba don ƙasa na yi ba. Kuma kai ma ka yi dariya, na ji ka."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Saura aiki ɗaya. Takardar da za a aika wa masu silima tana bukatar ainihin minti da daƙiƙar da almakashi zai shiga da inda zai fita. Fuatino ta kashe fitila, ta mayar da fim ɗin baya, ta zauna a kujerar tsakiya ita kaɗai.

Ga shi ya sake isowa da zaninsa. Ya ɗaga hannu. Ta rubuta arba'in da ɗaya da daƙiƙa takwas. Ya gyara tsayuwa, ya jero kakanninsa, ya dubi bishiyar. Ta san abin da zai ce, ta san lokacin da zai ce shi, ta dantse leɓe tana jira. "Kin dai ji," in ji Aleki, dariyar kuma ta sake fin ƙarfinta, ta fito tare da ruwan ido, har ta kasa ganin agogon. Dole ta sake mayarwa.

A karo na uku ta sami lambar: arba'in da shida da daƙiƙa biyu. Ta rubuta, ta sa hannu, ta buga hatimi. Sannan ta koma minti na sha biyu ta auna abin da ya rage masa a fim ɗin. Daƙiƙa tara ne, yana buɗe ƙofar mota.

Tana sa takardar cikin ambulan wayarta ta yi ƙara. Saƙo ne daga Aleki.

"Mama, ranar Asabar ku zauna a tsakiya, kada ku je gaba. Daga tsakiya aka fi jin magana."

Ta karanta sau biyu. Ta lashi bakin ambulan ta manne shi, sannan ta rubuta masa, "To."